Rigar Usuman ta Yumɓu

Duk wanda ya bi hanyar Lolo ranar kasuwa ya ga aikina, ko bai san sunana ba. Allon shagon mai gyaran babur da ke bakin tasha, ni na rubuta shi. Taswirar Najeriya da ke bangon makarantarmu, wadda yara suka yi ta jingina da ita har Kebbi ta koɗe, ni na zana ta. Sunana Jamaluddeen, amma a Bagudo Malam Jamalu mai zane ake ce mini, kuma tun kafin a haifi yaran da nake koyarwa yanzu nake riƙe da ajin zane a ƙaramar sakandaren nan. An ce yabon kai jahilci. To ni ba yabo nake ba, labari nake ba ku: daga nan har bakin iyakar Benin, ba a taɓa ajiye hannun wani kusa da nawa ba.

'Yan aji ɗaya ba na wahalar da kaina a kansu. Layi, da'ira, kwano, shi ke nan. A aji biyu nake tsince masu hannu, in tsare su ranar Talata da la'asar in kowa ya watse, in koya musu abin da ba ya cikin littafi: yadda haske ke kwanciya a jikin tulu, yadda ake kashe kaifin jan fenti da ɗigon kore, yadda ake kwaɓa yumɓu da ƙaiƙayin shinkafa don kada ya tsage a wuta. Abu mai rai kam ba mu ginawa. Tun farko iyayen yara suka ce ba su yarda a gina musu mutum ko dabba ba, ni kuma ban ja da su ba. Muna gina rumbu, tulu, kwalekwale, takalmi, sai kuma tufa.

Tufa ita ce gonata. Nakan rataye tsohuwar babbar rigata a bayan kujera, in rufe tagogi in bar guda, in ce su zana. Yaro zai zauna ya yi ta jera layuka kamar kunyar dawa, ni kuwa in bi bayansu ina tambaya ɗaya: "Ina nauyin?" Don tufa ba ta ƙarya, inda aka rataye ta nan take ja, kuma wanda bai ga inda take ja ba, ko ya kwana yana zane tsumma zai fitar. In yaro ya kasa, sai in karɓe gawayin daga hannunsa in gyara masa da kaina. Halina ke nan, kowa ya sani, kuma ban ga laifinsa ba.

Munawwara ɗiyar Usuman masunci ce, daga wata tunga can bakin kogi bayan Kaoje, inda in ka yi tuƙi kaɗan ka shiga Benin ba ka sani ba. A gidan gwaggonta Tani take zaune nan cikin gari saboda makaranta. Yarinya ce shiru-shiru, hijabinta kullum da warin hayaƙin banda. A aji ɗaya ban ɗauke ta a bakin komai ba, ta cika danna fensir har takarda ta huje. Na sa ta cikin 'yan Talata ne kawai don ita kaɗai ke share ajin ba sai an ce ba.

Ranar da na fara rataye musu riga, kowa ya duƙufa yana jera layuka, ita kuwa ba ta ja layi ko ɗaya ba. Ta kwantar da gawayi ta yi ta shafa duhu nan da can, tana murzawa da ɗan yatsa. Na zo bayanta na riga na miƙa hannu zan karɓe gawayin, sai hannun ya tsaya a sama. Rigata ce a takardar, har da inda aljihun ya saki saboda goro. Na duba sama, na duba ƙasa, ban sami inda zan taɓa ba.

"Gefen takardarki ya yi datti," na ce.

"To, Malam," ta ce, ta goge.

Na koma kujerata na zauna, wani abu ya tokare ni a ƙahon zuci. A lokacin na ce yunwa ce.

Ana cikin zango na uku saƙo ya iso daga ƙungiyar malaman zane ta jiha. Za a yi baje kolin aikin yara a Birnin Kebbi, kowace ƙaramar hukuma yaro ɗaya, kuma wanda aka ɗauka za a ba shi gurbi a makarantar kwana inda zai ci gaba da zane bayan aji uku. Alƙali zai zagayo da kansa farkon sabon zango ya duba aiki ya zaɓa. Na faɗa wa 'yan Talata kowa ya yi abin da ya ga zai iya.

Munawwara ta je gida ƙarshen mako ta dawo da yumɓun bakin kogi cike da tsohon bokitin fenti, a kanta ta ɗauko shi daga tasha. Ta gina goshin kwalekwale, tsawon kamu ɗaya da 'yan kai, ba sauran jirgin. Sannan ta fara ɗora masa riga, ita ma ta yumɓu. Na ce mata yumɓu ba yadi ba ne, zai karye. Ta ce to, ta ci gaba. Na ce ta daidaita ninkin nan, ya yi yawa gefe guda.

"Malam, haka take," ta ce, ba ta ko ɗago kai ba. "Baba in ya fito ruwa haka yake jefa ta. Kafaɗar dama ta fi saki, da ita yake jefa birgi."

Birgi ita ce komar da suke jefawa ta buɗe a kan ruwa. Ni da na yi shekaru ina koyar da tufa, ban taɓa tunanin riga na riƙe sana'ar mai ita a kafaɗa ba. Na bar wurin na je na tsawata wa wani yaro da bai yi komai ba.

Da aka gasa abin ya fito ba tsaga ko ɗaya, ni da kaina na tone shi daga toka. Jama'a, riga ce jiƙaƙƙiya. Ta manne da katako inda ruwa ya manna ta, ta yi nauyi a ƙasa kamar yanzu za ta ɗiga, wuyanta ya buɗe kamar yanzun nan aka zare kai daga ciki. Ba ta gina mutum ba, ba ta karya dokar iyaye ba, amma duk wanda ya kalla sai ya waiga ya ga ina mai rigar ya shiga. Da Usuman ya shigo gari ya kawo wa Tani kifi, aka jawo shi ya gani. Ya daɗe tsaye, can sai na ga ya kai hannu ya dafa kafaɗarsa ta dama.

"Malam," ya ce mini a bakin ƙofa, "ni ban san wanga abu ba. Uwatta na son hannu wurin banda, mun yi da ita in ta ƙare aji uku ta dawo gida. Amma in mutanen Birni sunka kira sunanta da bakinsu, ba ni hana ta. In ba su kira ba, to, kifi ma sana'a ta."

Na ce masa Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri. Addu'ar ta fito daga bakina daidai, amma kada ku tambaye ni abin da zuciyata ke nufi da alheri a ranar.

Aka yi dogon hutu, yara suka watse, Munawwara ta tafi tunga. Rigar tana sito a kan kanta, makulli yana aljihuna. Na ce wa matata Rahmatu zan riƙa leƙawa da safe ina gyara sito. Ƙarya nake. Yumɓu na kwaɓa, na ajiye aikin yarinyar a gabana, na ce yau zan nuna wa kaina cewa abin da ɗalibi ya yi, malaminsa zai yi shi ido rufe.

Na farko ya fito kamar fatar akuya da aka shanya. Na ce yumɓun ne, na hau babur na je har bakin kogi na ɗebo irin nata. Na biyu ya fi, ninkinsa tsaf-tsaf, kowane a wurinsa, amma busasshe ne ƙamas, ba wanda ya taɓa sa shi. Na ce ai don ba na kallon jiƙaƙƙiyar riga ne, sai na ɗauko rigata na tsoma a randa na jefa kan benci. Ban lura ta Juma'a na ɗauko ba sai da Rahmatu ta gan ta.

"Malam, wanga gyaran sito da wankin riga akai?" ta ce, tana ɗaga ta da yatsu biyu. "Ga kuma laka ƙarƙashin farce kamar mai yaɓen rumbu."

"Aikin makaranta ne."

"Aikin makaranta, ko aikin ɗiyar Usuman?"

Na ɓoye hannuwana a aljihu. Matar nan ba ta taɓa riƙe fensir ba in ba na gira ba, amma ni tana karanta ni kamar allon shago.

"Ai da murna kay yi," ta ce. "Kai ka koya mata."

"Abin da na koya mata ba ya ƙona mini rai. Wanda ban koya mata ba fa? A ina ta samo shi?"

"Inda kowa ka samu. Hassada ga mai rabo taki ta, Malam, ka dai sani."

Na ce ba hassada nake ba, bincike nake. Ta yi dariya har da riƙe ƙofa, ta tafi da rigar.

To bari in faɗa da bakina tunda ita ta riga ni: kishi nake. Kishin 'yar yarinyar da ko tsawon kafaɗata ba ta kai ba. Ina tashi da shi, ina cin tuwo da shi. Kowace safiya in gina sabuwa, in ajiye kusa da tata, in ja baya in kalla, raina ya ɓaci, in tura ta bayan sito in rufe da buhu. Ban mayar da su ruwa ba, don kullum ina cewa wataƙila gobe in na sake dubawa zan ga ba su kai yadda nake gani muni ba. Akwai ɗaya, ta kusa ƙarshe, da na yarda a raina ta matso. Ita ce nake ɗorawa a sama.

Wata safiya na ɗauki tata da hannu biyu zan juya ta wajen haske. Ƙasan sito siminti ne. Na tsaya riƙe da ita, na san ba abin da ake bukata sai in ɗan sassauta yatsu, kuma ba mai cewa komai, ɓera ma na iya turo abu daga kanta. Na so ta faɗi, wallahi na so. Amma hannun da ya tone ta daga toka ya ƙi saki, na mayar da ita na kulle sito, ranar ban gina komai ba.

Ƙarshen damina kogi ya yi halinsa. Ruwa ya shanye shinkafar Kaoje, ya shiga tungaye, mutane suka kwashe yara da tabarmi a jirage kowa ya nufi inda yake da dangi a tudu. Aka koma makaranta, bencin Munawwara ba kowa. Na aika gidan Tani, ta zo da kanta ta ce lafiyarsu lau, sun haye Benin wurin dangin uwar yarinyar, amma wayar Usuman ba sabis a can, hanya kuma ta yanke, sai ruwa ya ja. A makon ne alƙali ya iso.

Da na ga wanda ya fito daga motar, na ce yau kuma da me na tashi. Sharfuddeen ne, abokin karatuna a kwalejin ilimi, wanda a zamaninmu ni nake gyara masa inuwa kafin malami ya zagayo. Yanzu shi ne babba a ƙungiya, ga tumbi, ga tabarau mai igiya, kuma na rantse rabonsa da buroshi tun ana ganin wuyansa.

"Jamalu, kana nan kana fama da bango?" ya ce, ya rungume ni.

"Ina nan, Sharfu. Kai kuma kana can kana fama da kujera."

Firinsifal ɗinmu, Malam Ɗanmusa, ya sa aka jera aikin yara a kan tebura a ajin zane. Sharfuddeen ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana gyaɗa kai, tulu, rumbu, zanen kasuwar Lolo da fenti, har ya iso kan rigar. Nan ya tsaya. Ya cire tabarau, ya zagaya ta, ya durƙusa da tumbinsa ya leƙa ƙarƙashin ninkin. Malaman da suka biyo mu kallo duk suka matso kusa.

"Jamalu," ya ce a hankali, "ka yi abin kunya, amma ka yi abin kirki."

"Kamar yaya?"

"Kowace shekara sai mun kama malamin da ya yi wa yaro aiki ya liƙa sunan yaro. Ban zaci har da kai ba. Amma in gaya maka gaskiya, tun muna kwaleji na san tufa taka ce, ban dai san hannunka ya kai nan ba. Wannan ya fi duk abin da ka taɓa yi."

Kun ji fa. Tunda nake da Sharfuddeen bai taɓa yabon aikina ba, ko lokacin da yake cin maki da shi. Yau ya buɗe baki ya yaba gaban firinsifal da malamai, kuma abin da ya yaba ba nawa ba ne.

"Aikin yarinya ne," na ce. Ni kaina na ji muryar ba ƙarfi.

"Kawo ta ta taɓa yumɓu a gabana."

Aka gaya masa tana Benin, ruwa ya tsare ta. Ya ce shi kam motarsa ba ta kwana Bagudo, gobe akwai wata ƙaramar hukumar, kuma sunaye a makon nan za a rufe. Na ɗauko zanenta na gawayi na shimfiɗa masa. Ya kalla ya yi murmushi.

"Jamalu, wa bai san ka da karɓe gawayi daga hannun yaro ba? Ni ma ka karɓe nawa." Malamai suka yi dariya. Ya dafa ni. "Ga abin da za mu yi, don zumunci. Ba zan kai ƙarar makaranta ba. Sunan yarinya dai a cire shi. Akwai ɓangaren malamai a baje kolin, in tafi da wannan in sa sunanka a ƙasa da manyan baƙaƙe. Ya isa haka mutum irinka ya tsufa a allon shagon babur."

"Ai duk ɗaya ne, Malam Jamalu," in ji firinsifal, har da gyara hula. "Sunan makaranta dai ya fita Birni."

Ban amsa da wuri ba, kuma ba zan yi muku ƙaryar cewa tunanin hujja nake ba. Sunana nake gani a ƙarƙashin rigar, a babban zaure, manya suna cire tabarau. Ba sai na yi ƙarya ba ma, na riga na faɗi gaskiya sau ɗaya an ƙi ta, shiru kawai ya rage in yi. Yarinyar tana tsallaken iyaka, ba ta ji ba ba ta gani ba, in ta dawo a ce mata ba a dace ba, ta ce to, kamar yadda take cewa kullum, ta ƙare aji uku ta tafi banda. Daɗin abin ya hau mini kai har na ji kunnuwana sun yi zafi.

Sai idona ya faɗa kan kafaɗar dama. Ni na san ban ga wannan kafaɗar ba, na yi hutu guda ina kallonta a gabana ban iya ɗauko ta ba. In aka kai ta Birni da sunana, kowa zai yabi Jamalu, ni kuwa in tsaya gefe ina kishin wani Jamalun da babu shi. Ga kuma Usuman, da ya dafa kafaɗarsa a bakin ƙofar nan ya ce in an kira sunanta ba zai hana ta ba. Haushin yarinyar bai ragu ba ko kaɗan, haushin Sharfuddeen ya ƙaru a kai. Na ce a raina, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

"Taso, Sharfu," na ce. "Tunda ka san hannuna, zo ka gan shi."

Na buɗe sito, na shiga har baya, na yaye buhun. Ga su nan jibge, aikin hutuna gaba ɗaya, goshin kwalekwale bayan goshin kwalekwale, kowanne da tsummansa. Na kwaso su na jera a ƙasa gaban kowa, wadda na fi ji da ita na sa ta a gaba. Malamai sun cika ƙofa, yara sun maƙale a taga.

"Waɗannan nawa ne," na ce. "Tata na ajiye a gabana ina kwaikwaya, tun farkon hutu har ƙarshensa. Iyakar hannuna ke nan. Duba da kyau."

Na zaci zai durƙusa kamar ɗazu. Na zaci zai ɗauki ta gaban ya kai ta wajen haske, ya juya ta, ya ce kai, abin da wuyar rabewa, bari in sake gani. Ko tabarau bai cire ba. Kallo ɗaya ya yi musu daga tsaye.

"A'a," ya ce. "Gaskiyarka. Ba kai ka yi waccan ba."

Ko ɗan jinkiri, jama'a. Ko na ganin ido, don zumuncin da yake faɗa.

Ya tambayi sunan yarinyar cikakke ya rubuta, ya ce a naɗe rigar da kyau a sa masa a mota. Firinsifal ya yi tari ya ce kowa ya koma aji. Wajen tafiya Sharfuddeen ya riƙe hannuna ya ce samun ɗalibi irin wannan ai sa'ar malami ce, na ce ya gaida gida. Kafin azahar labari ya kai tasha. Da na koma gida Rahmatu ta dai zuba mini miya da kifin da ya fi girma, abin da ya ƙara ɓata mini rai.

Sai da ruwa ya ja Munawwara ta dawo. Da sassafe ne, ba a ko kaɗa ƙararrawa ba, ina sito na cika rabin duro da ruwa zan jiƙa tarkacena su koma yumɓu. Sai ga ta da ƙullin kayanta, laka har ƙauri, daga motar farko ko gidan Tani ba ta biya ba. Ta durƙusa ta gaishe ni, idonta na kan kanta inda rigar take da.

"An tafi da ita Birni," na ce. "Da sunanki. Ki aika wa babanki, sun kira."

Ta rufe fuska da hijabi ta daɗe a haka. Can ta ce, "Na gode, Malam. Allah shi saka da alheri." Na ce ta tashi, ba na son kuka a sito, ta zo ta kama mini aiki.

Ta share ido ta matso, sai ta ga abin da ke jere a ƙasa. Ba wanda ya riga ya gaya mata komai.

"Malam, 'yan aji ɗaya sun fara yumɓu?"

Na ce ta miƙo mini kawai.

Ta tsallake na gefe ta ɗauki ta gaban, wadda na fi ji da ita. Ta kai ta bakin taga ta juya ta a haske, a hankali, abin da Sharfuddeen bai yi ba. Na tsaya riƙe da bakin duro ina jira, ni da furfurata, kamar yaron da ya miƙa takarda.

"Ya iya ninki," ta ce. "Hannunshi da tsabta. Kuma yana da haƙuri, dubi sau nawa ya sake." Ta karkata kai. "Amma ina nauyin?"

Da irin muryata ta faɗe shi, ba ta ma sani ba.

"Riga yake kallo, bai kalli mai ita ba," ta ce. "Abu kaɗan ya rage mashi. In kana so, Malam, in nuna mashi. Wane ne?"

Na kalli ruwan duro. Kishin yana nan daram inda yake, bai matsa ko'ina ba, har yau ma da nake ba ku labari. Amma abu kaɗan ta ce, kuma yarinyar ba ta iya ƙarya ba.

"Ba ɗan aji ɗaya ba ne," na ce. "Ya daɗe a makarantar nan, kanshi da tauri. Ajiye wannan a taga, sauran ki sa a ruwa."

"Zai zo ranar Talata?"

"Zai zo. Amma ki nuna da baki. Kada ki karɓe yumɓun daga hannunshi, ba ya so."

"To, Malam," ta ce, ta fara sa su a ruwa ɗaya bayan ɗaya.